Fatalwa a Matan Fada: tambayoyi kan labaran tsoro da dariya na matasa

Wane irin labari ne wannan?

Tukunya ce da ke zaune kan duwatsun murhu uku: tsoro, dariya da bincike. Wani abu zai faru wanda gari ya ɗauka ba aikin ɗan'adam ba ne, sai wasu yara 'yan shekara 13 zuwa 17 su ce sai sun ga kwal uwar daka. Ka cire dutse ɗaya, tuwon ya kife.

Ba tatsuniya ba ce aka sake wa riga?

Dangi ne, amma ba uwa ɗaya ba. A tatsuniya ba wanda ke tambayar ko Dodo na gaske ne, an yarda da shi tun daga "ga ta nan ga ta nanku". A nan kuwa tambayar ita ce labarin. Sannan jarumin ba Gizo ba ne, ɗan sakandare ne mai riƙe da wayar yayansa, cajin ma saura kaɗan.

Ba mu misali mana.

Mu je Argungu. Kowa ya san ba a su a gulbin Matan Fada sai lokacin bikin kamun kifi, bikin da ya samo asali a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. To, a ce saura mako biyu a yi biki, sai aka fara ganin wani farin abu yana shawagi a kan ruwa da tsakar dare. Mata suka hana yara zuwa bakin gulbi. Wani mai shayi ya rantse abin ya kira shi da sunan da kakarsa kaɗai ta sani.

Yara uku suka laɓe a cikin ciyawa. Babbansu, wanda ya wuni yana cika baki cewa shi jikan masunta ne, da abin ya matso sai ya fara addu'a, ashe addu'ar cin abinci ya kama. Ƙanwarsa, wadda aka taho da ita don kada ta tona, ita ta lura da abin da ya kamata: fatalwar ta yi atishawa, kuma da safe ga ɓawon kifi a inda ta fito. Ashe wani ne ya yafa farin zane, ya hau gora da homarsa, yana satar giwan ruwa. Wayo ya yi, don ya san ba mai bin aljani ya tambaye shi izini.

Lura da cewa an nuna wa mai karatu atishawar da ɓawon tun kafin a kama ɓarawon. Wannan ita ce amanar labarin bincike. Marubucin da ya ɓoye komai ya fito da mai laifi daga sama a shafin ƙarshe, ha'inci ya yi.

Dole ne kullum a ƙarshe ya zama mutum ne?

A'a. Wasu kan bar aljanin ya zama na gaske, sai dai mai matsala irin tamu, misali wanda aka sare masa tsamiya ya rasa wurin kwana. Ni dai na fi son a kama ɓarawon, a bar ƙura kaɗan: to wa ya kira mai shayi da sunan nan?

Wannan ba wasa da addini ba ne?

Nan ne marubuci zai taka a hankali. Aljanu gaskiya ne a wurinmu, sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi. Don haka ba gaibu ake yi wa dariya ba, mu ake yi wa: mai kurin da ya bar takalmi, bokan ƙarya mai karɓar baƙar kaza, jita-jitar da ta tashi tana ƙadangare ta isa kasuwa tana kada. Abu ɗaya da zan hana shi ne ɗora maita a kan tsohuwar unguwa. Wannan zargin ya sha jawo duka da kora a zahiri, kuma yara na kwaikwayon abin da suka karanta.

Ina ya fi dacewa a kafa labarin?

Inda yaro zai ce "na san wurin nan". Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, ga makamai da kaburburan sarakuna. Dutsen Kwatarkwashi kusa da Gusau, wanda an daɗe ana danganta shi da iskoki. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda. Ɗakin kwanan ɗalibai da aka ɗauke wa wuta kuwa ya fi su duka.

Da wace Hausa za a rubuta?

Bayani da daidaitacciya, amma a bar mutane su yi magana da bakinsu. Yaron Gusau da ya firgita ba zai tsaya cewa "mene ne wannan?" ba. "Wayyo inna, mi na na?" zai ce, kuma kafin a ba shi amsa ya kai bakin masallaci.