Ma'anar kalmar niyurofeftaid, da yadda wannan sinadari yake sa ɓera gyaran jiki

Kalmar niyurofeftaid, wadda masana ƙwaƙwalwa suke yawan ambata, haɗin kalmomi biyu ce: niyuro, wato abin da ya shafi jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, da kuma feftaid, wato gajeren jeri na sinadaran da ake kira amino asid. Duk wanda ya taɓa riƙe carbi ya riga ya ga siffar abin, domin kowane amino asid kamar ƙwaya ɗaya ce a jikin zare, irinsu 20 ne jiki yake gini da su, tsarin jeruwarsu kuma shi yake bambanta wannan jeri da wancan. Idan jerin ya yi tsawo har ya kai ɗaruruwa, sai a kira shi furotin, idan kuwa bai wuce 'yan gomiya ba, sunansa feftaid. Misali, a cikin feftaid ɗin da jiki yake ƙerawa, oksitosin ƙwaya 9 ne kacal, alfa-MSH 13, ACTH kuwa 39. Niyurofeftaid shi ne feftaid ɗin da ƙwayoyin jijiya suke ƙerawa su saki don isar da saƙo ga 'yan'uwansu, kuma saƙonsa ya fi na sauran sinadaran jijiya jinkirin isa, amma ya fi su daɗewa da yaɗuwa. David de Wied, masanin magunguna na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan, shi ya fito da kalmar a farkon shekarun 1970.

A ganina babu misalin da ya fi fito da ma'anar kalmar fili kamar gyaran jikin ɓera. Mutanenmu sun san ɓera da ɓarnar hatsi da ƙazanta, alhali dabba ce da take kashe wani babban kaso na lokacin da take farke wajen tsabtace kanta. Wanda ya tsaya ya kalle shi zai ga ya zauna a kan ƙafafun baya, ya lashi dagin gaba, ya shiga shafa hanci da sauri, sannan shafar ta faɗaɗa zuwa gashin baki da idanu, sai ya ɗaga dagi biyu tare ya biyo ta bayan kunnuwa, daga nan ya juya ya lashi kuiɓi da ciki da baya, ya gangara har wutsiya. Daga kai zuwa wutsiya abin yake tafiya, kuma Kent Berridge na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa sun nuna cewa a cikinsa akwai wani jeri mai matakai huɗu wanda ɓera yakan bi kusan ba tare da canja tsari ba. Wannan tsari shi ya sa gyaran jiki ya zama abin da ake iya ƙirgawa a ɗakin gwaji.

Tun a shekarun 1950 da 1960 William Ferrari da Gian Luigi Gessa a Italiya suka lura cewa idan aka zuba ACTH a cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwar dabba, sai ta kama miƙa da hamma ba ƙaƙƙautawa. A lokacin an san ACTH ne da aiki ɗaya: yana fitowa daga fituwitari, ɗan ƙullin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ya bi jini zuwa ƙullin adirinal da ke bisa ƙoda, ya sa shi sakin homon, wato sinadarin saƙo da ke bin jini, na firgici da wahala. A 1975 Willem Hendrik Gispen, shi ma na Utrecht, da de Wied da abokan aikinsu suka bi diddigin lamarin a jikin ɓera. Sukan dasa ɗan siririn bututu a ƙoƙon kai wanda ya isa kogon ruwan ƙwaƙwalwa, bayan ɓeran ya warke su ɗiga masa feftaid ɗin, su sa shi a akwatin gilashi. Mai lura yakan duba shi duk bayan daƙiƙa 15 har tsawon minti 50, ya rubuta ko yana gyaran jiki ko ba ya yi, ta yadda maki mafi yawa da za a iya samu shi ne 200. Ɓeran da aka ɗiga wa ruwan gishiri kawai don kwatance yakan ɗan yi shinshine-shinshine ya kwanta, wanda ya sami ACTH kuwa kusan duk lokacin da aka duba sai a tarar yana lasa ko yana shafa.

Abin da ya ba wannan bincike nauyi shi ne sauran gwaje-gwajen da suka biyo baya. Idan aka yi allurar ACTH a jiki ba a ƙwaƙwalwa ba, gyaran jikin ba ya ƙaruwa, kuma idan aka cire ƙullin adirinal gaba ɗaya aka ɗiga ACTH a ƙwaƙwalwa, gyaran jikin yana ƙaruwa duk da haka. Ashe ke nan feftaid ɗin yana magana da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kai tsaye, ba ta hanyar adirinal da jini ba, wanda shi ne ainihin abin da kalmar niyurofeftaid take nufi. Masu binciken sun kuma yanyanka jerin ACTH suka gwada guntu-guntu. Ƙwaya 24 na farko sun wadatar, alfa-MSH ma, wanda jerinsa daidai yake da ƙwaya 13 na farkon ACTH, ya yi aikin, amma guntun da ya kama daga ƙwaya ta 4 zuwa ta 10, wanda de Wied ya san yana taimaka wa ɓera wajen riƙe abin da ya koya, bai sa gyaran jiki ba. Daga baya aka gano cewa saƙon yana sauka ne a kan wani makarɓi, wato wurin da feftaid yake maƙalewa a jikin ƙwayar jijiya, da ake kira MC4, kuma maganin naloksun, wanda yake toshe aikin dangin ofiyom, da magungunan da suke toshe dofamin, wani sinadarin saƙo na ƙwaƙwalwa, duk suna iya kashe shi. Wannan ya nuna cewa feftaid ɗin ba shi kaɗai yake aikin ba, taɓa wasu hanyoyi yake yi da suke can tun asali.

Tambayar da ta rage ita ce me ya haɗa homon ɗin firgici da wanke fuska. Masu gwaji sun daɗe da sanin cewa ɓeran da aka ɗauka aka ajiye a baƙon wuri yakan fara da bincike da ɗar-ɗar, sannan bayan ɗan lokaci ya zauna ya shiga gyaran jiki. A 1979 Adrian Dunn da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science cewa idan aka ɗiga wa ɓera sinadarin da yake kama ACTH ya hana shi aiki a ƙwaƙwalwa, wannan gyaran jiki na baƙon wuri yana raguwa. Fassarar da masanan Utrecht suka fi karkata gare ta, ni ma ita ta fi gamsar da ni, ita ce gyaran jikin hanyar saukowa ce daga firgici, domin ɓeran da yake cikin tsananin tsoro daskarewa yake yi wuri ɗaya, sai hankali ya fara dawowa dagi yake komawa fuska.

Ba ACTH kaɗai yake da wannan tasiri ba, domin oksitosin da CRF, feftaid ɗin da ke sa fituwitari sakin ACTH, su ma suna ƙara gyaran jiki, sai dai kowanne da salonsa, kuma a nan ne mai ƙirga minti kawai zai iya yin kuskure. ACTH yana tsawaita gyaran ba tare da ya rushe tsarin kai zuwa wutsiya ba. Bombesin kuwa, feftaid mai ƙwaya 14 da Vittorio Erspamer da abokan aikinsa suka fara cirowa daga fatar wani kwaɗon Turai a farkon shekarun 1970, susa yake sa ɓera, ya yi ta kartar wuya da kai da ƙafar baya, ya lashi ƙafar, ya sake komawa. Shekaru da yawa ana lissafa wannan a cikin gyaran jiki, har zuwa 2007 lokacin da Zhou-Feng Chen da abokin aikinsa a Jami'ar Washington da ke St. Louis suka nuna cewa makarɓin GRP, ɗan'uwan bombesin da ke jikin dabbobi masu shayarwa, yana cikin lakar ƙashin baya, kuma ta nan saƙon ƙaiƙayi yake bi. Ƙananan ɓerayen da aka raba da wannan makarɓi sun ci gaba da jin zafi kamar kullum, amma susarsu ta ragu ƙwarai.