Ido ba mudu ba ne: maganar awon yaranmu a Legas

Ranar wata Talata ina zaune a teburin awo, wata baiwar Allah daga Zangon Agege ta shigo da ɗanta a goye. Ba awo ya kawo ta ba, maganin tari ta zo nema. Na ce, "Maman yaro, sauko min da shi in gani." Wata goma sha huɗu da haihuwa, amma da na ɗora shi a sikeli nauyinsa bai wuce na ɗan wata shida ba. Na zagaya ɗamtsensa da tef, ya tsaya a kan ja. Na tambaye ta katinsa, ta ce yana Katsina wurin kakarsa, tun zuwan da suka yi babbar sallah. Na ce yaushe rabon da a auna shi? Ta yi shiru tana lissafi, sannan ta ce, "Malama, tun allurar wata tara. Ai na ɗauka mun gama." Sai ta ƙara da maganar da na fi ji a bakin iyaye: "Kullum ina tare da shi, ban ga ya rame ba. Haka jikin babansa yake."

Ba ƙarya ta yi ba. Da gaske ba ta gani ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a kan jikin yaro rabin farko na karin maganar ne kawai gaskiya. Wanda kike wa wanka safe da yamma, ramarsa ba ta bayyana miki, don kaɗan-kaɗan take zuwa. Baƙon da ya yi wata uku bai gan shi ba shi zai ce, "Kai, me ya samu yaron nan?" Sikeli shi ne wannan baƙon, kuma ba ya jin kunyar kowa.

Abin mamaki, mu ne mutanen awo a garin nan. Je ka Mile 12 da asuba ka ga yadda ake sauke tumatur da tattasai da albasa: ba mai karɓar kwando bai ɗaga ya ji nauyinsa ba. Mai hatsi ba ya sayar da tiya da ka. Dillalin shanu a Oko-Oba yana shafa ƙugun sa ya gaya maka ya zube a hanya tsakanin Maigatari da Legas. Amma ɗan da muka haifa sai ya shekara ba wanda ya san ko ya ƙaru ko ya ragu.

Bari in yi bayanin abin da muke aunawa, don da yawa suna ganin muna rubuce-rubuce ba su san na mene ne ba. Nauyi shi ne na farko. Jaririn da aka haifa ƙasa da kilo 2.5 yana bukatar kulawa ta musamman tun ranar farko. Lafiyayyen jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata biyar, ya ninka sau uku idan ya shekara. Duk zuwan da kika yi muna ɗiga alama a katin, ɗigon nan su haɗu su zama layi. Ba lambar wata ɗaya ce ta dame mu ba, tafiyar layin ce. In yana hawa, alhamdu lillahi. In ya miƙe wata biyu a jere ba hawa ba sauka, akwai magana, ko da yaron yana wasa yana dariya. In ya fara gangarowa, an kusa makara. Shi ya sa katin da aka bari a gida Arewa yake ba ni haushi: ba tare da shi ba, ɗigo ɗaya nake gani, ban san daga inda yaron ya taso ba.

Sai tsayi. Ɗan ƙasa da shekara biyu a kwance ake auna shi a kan allo, wanda ya wuce haka a tsaye. Tsayi ne ke tona yunwar da ta daɗe, wadda ba ta da hayaniya: yaro ya tsumbure, shekara huɗu amma kamar ɗan biyu da rabi. Wannan ita ce mai wuyar gyara, domin yawancin ɓarnar tana faruwa ne a kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu, lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Nan ne ake kawo min zancen gado, wai danginmu gajeru ne. Gado yana da nasa rabon, ban musa ba. Amma ma'aunin da ke jikin katin nan, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da shi a 2006, bayan an bi yara a ƙasashe shida: Ghana, Indiya, Oman, Brazil, Norway da Amurka. Abin da aka gano shi ne, yaran da suka sha nono, suka ci da kyau, suka zauna cikin tsafta, kusan tafiya ɗaya suke yi a shekarun farko, baƙi ne ko fari. Ɗan Ghana bai gaza ɗan Norway ba. To ɗan Idi-Araba me zai hana shi?

Na uku shi ne tef ɗin ɗamtse mai launi uku, na yara daga wata 6 zuwa 59. Ana zagaya shi a tsakiyar ɗamtsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ba a matse ba, ba a sake ba. Kore, wato santimita 12.5 zuwa sama, lafiya. Rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, tamowa ta fara shiga. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani, ranar za a kai shi asibiti ba gobe ba. Ba sai kin yi boko za ki iya ba. Na koya wa tsofaffin da ba su san bihim ba, kuma sun fi wasu ma'aikata kula. Akwai kuma gwajin da ba ya bukatar komai sai babban yatsa: danna bayan ƙafafun yaro biyu, ki ƙirga ɗaya, biyu, uku, ki ɗaga. Idan ramin ya zauna a ƙafa biyun, kumburi ne, ba ƙiba ba. Wannan ya yaudari iyaye da yawa. Kumatu sun cika, ƙafa ta yi ɓul-ɓul, gashi ya yi ja ya yi laushi, ana cewa yaro ya murmure, alhali yana bakin rami.

Tamowa tana da magani, kuma ba mayu ba ne, ba baki ba ne, ba haƙori ba ne. Akwai abincin tamowa na leda da ake haɗawa da gyaɗa, madarar gari, sukari, mai da sinadaran gina jiki. Yaron da yake iya ci, a gida zai sha shi, ana duba shi mako-mako, cikin wata biyu galibi ya dawo hayyacinsa. Wanda ya ƙi cin komai, ko ya kumbura sosai, ko ga zazzaɓi da gudawa, shi sai an kwantar da shi an fara da madara ta musamman. In cibiyar lafiyar unguwarku ba ta da kayan, za a rubuta muku takarda zuwa inda ake da su. Roƙona ɗaya: ledar nan magani ce. Ba ta yayyensa ba ce, ba ta shafa wa burodin Agege ba ce, ba ta sayarwa ba ce.

Yanzu ga ɓangaren da ya sa na zauna rubutun nan, wanda ya wuce ɗan mutum ɗaya. Abin da muka rubuta a rajista ba ya kwana a cibiya. Ƙarshen wata ana tattara shi a aika ƙaramar hukuma, daga nan jiha, daga nan ya shiga rumbun bayanan lafiya na ƙasa. Da shi ake lissafin ledar abincin tamowa nawa za a kai wace unguwa, ƙwayar bitamin A nawa, ma'aikata nawa. Ban da wannan akwai babban binciken lafiya na gida-gida da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke yi kusan duk shekara biyar. Na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Arewa maso Yamma kashi 57, a jihar Kebbi kashi 66. Kashi 68 na ƙananan yara suna da ƙarancin jini, mata masu shekarun haihuwa kashi 58. Jariran da ake ba nono zalla har wata shida kashi 29 ne kacal. Da aka sake binciken a 2023 zuwa 2024, tsumburewar ta hau zuwa kashi 40.

A waɗannan alƙaluma Legas tana cikin jihohin da abin ya yi sauƙi. To amma Legas ɗin wa? Matsakaicin lissafi ne, an zuba ɗan Ikoyi da ɗan Lekki da ɗan Alaba Rago a kwano ɗaya an dama. Yaron da aka haifa a ɗaki ɗaya mai mutum bakwai, ruwan sha na mai kura, makewayi ɗaya na gida ashirin, uwarsa ta zo daga Zamfara da ƙarancin jininta, ba ya cikin wannan sauƙin. Idan ba ya cikin rajista, kuma an rufe wa masu bincike ƙofa, to a takarda babu shi. Mai rabon kaya a Alausa, sakatariyar gwamnatin jihar Legas, ba mugu ba ne don bai aiko ba. Abin da ke gabansa ya ce unguwar lafiya lau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai faɗa ba, mai gyara wucewa zai yi.

Na san dalilin rufe ƙofar, ni ma 'yar zango ce. Wanda aka ƙwace wa babur bayan dokar hana acaɓa ta 2022, ko aka rushe masa rumfa, duk mai riƙe da takarda da biro abin tsoro ne a wurinsa. Ga kuma jita-jitar cewa jinin da ake ɗiga daga yatsa na wani abu ne daban. Ɗigo ne da ake duba ƙarfin jini da zazzaɓin cizon sauro, a gabanki ake gwadawa, a gabanki ake faɗa miki sakamako. Ba a buga sunan kowa a rahoto, ba ruwansu da haraji ko takardar haya. Kuna da haƙƙin ku nemi katin shaidarsu, ku tambayi mai unguwa ko fadar Sarkin Hausawa ko an san da zuwansu. In an tabbatar, a buɗe musu. Kuma a faɗi gaskiya. Na sha ganin uwa an tambaye ta me yaro ya ci jiya, kunya ta sa ta ce shinkafa da kifi da ƙwai, alhali koko ne safe da rana da dare. Rufin asiri halinmu ne mai kyau, amma a nan yaron ake rufewa.

Maigida, kai ma da kai nake. Yawancin matan da ba sa zuwa awo ba ƙi suka yi ba. Ba a ba su izini ba, ko ba kuɗin Keke. Na san halin da ake ciki. Tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40. Kana kuma aika wa gida, ga iyaye ga ƙanne. Amma ka dubi abin da ke shiga cikin ɗan wata takwas ɗinka. Tsinkakken koko da sukari ruwa ne mai zaƙi, cikinsa ƙarami ne, yana cika ba a ci komai ba. A yi shi da kauri, a zuba ƙullin gyaɗa ko garin waken soya da aka soya, ko garin busasshen kifi, da ɗan cokalin manja. Wake da aka dafa ya yi lugub, ƙwai ko rabi ne, zogale a miya, gwanda, lemo, mangwaro a lokacinsa. Kuɗin lemon kwalba da biskit da ake saya masa don ya yi shiru ya isa ƙwai. Kai da kake kwana cikin kayan gwari a kasuwa, bai kamata a ce ɗanka bai san ɗanɗanon karas ba. A ba shi kwanonsa daban, don a tire ɗaya da yayye ba ya samun rabo. Nono kuma a ci gaba har shekara biyu, kuma shigar sabon ciki ba ya mayar da shi guba. Yayen dare ɗaya, a kwashi yaro a tura wa kaka a mota, shi ya fi jefa yara tamowa a cikin waɗanda nake gani.

In za a sayi gishiri a duba mai sinadarin aidin, man girki da sukari da fulawa a duba alamar ido a jikin leda, ita ke nuna an sa bitamin A. Gudawa ta zo, ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinc ta kwana goma, kada a daina ba shi abinci.

Allura ba ta ƙarewa a wata tara, akwai ta ƙyanda ta biyu a wata 15. Bitamin A duk wata shida ne daga wata shida har shekara biyar, shuɗiyar ƙwaya ga ɗan ƙasa da shekara, ja ga wanda ya wuce, da maganin tsutsar ciki daga shekara ɗaya. Ana raba su a makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara. Awo kuwa, ni shawarata kowane wata har ya shekara biyu, ko lafiyarsa ƙalau. In za ku gida, katin ya bi yaron a cikin leda, ya kuma dawo tare da shi. Kowace cibiya daga nan har Illela za ta karɓe shi. A ɗauki hotonsa a waya, gaba da baya.

Ita maman yaron nan ta Zango, mijinta ne ya kira Katsina aka ɗauko hoton katin aka turo ta WhatsApp. Da na duba, layin ya daina hawa tun yana wata bakwai, daidai lokacin da aka fara ba shi koko. Sati bakwai suna zuwa duk Talata. A na bakwai tef ya shiga kore, ta roƙe ni in ba ta guda ta tafi da shi, wai akwai yara uku a gidansu da take so ta gwada.