Me ake nufi da janaretan Marx?

Da jin janareta, hankalin mutum zai tafi kan injin nan mai shan fetur da hana makwabta barci. Wannan daban ne. Ba ya samar da wuta, tara ta yake yi a hankali, sannan ya sake ta gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, kamar tulun da ake cikawa da ludayi sai a kifar da shi lokaci guda.

Injiniyan Jamus Erwin Marx ne ya fito da dabarar a 1924. Duk wanda ya taɓa jera batura a tocila ya san rabin sirrin: batir biyu masu bolt 1.5, kai da gindi, suna ba da bolt 3. Marx ya ɗauki ma'ajiyan wuta da masu gyaran rediyo ke kira kafasita, ya caje su kafaɗa da kafaɗa daga tushe ɗaya, sannan a daƙiƙar sakin wutar ya mayar da su jere irin na tocila. Goma masu bolt 1,000 kowanne, sai ga bugu na bolt 10,000.

Wahalar tana wajen makunnin da ke mayar da kafasitocin jere. A da, tartsatsi ne ke tsallaka rata tsakanin ƙarafa biyu ya haɗa layin. Yana da ƙara, yana cin ƙarfen, kuma in ya kama ba ka da ikon kashe shi sai wutar ta ƙare. Yau a wasu sababbin na'urori an maye gurbinsa da taransista, wato ƙananan makunnin lantarki, irin su IGBT da MOSFET, waɗanda ba abin da ke motsi ko ƙonewa a cikinsu. Kwamfuta ce ke ba su umarni, su buɗe su rufe sau dubbai a daƙiƙa, a tsawon da ake so.

Sai dai taransista ɗaya ba ya jure fiye da 'yan dubban bolt. Shi ya sa ake gina na'urar ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da kafasitansa da makunninsa, duk iri ɗaya. A ganina nan ne hikimar take. In ɗaya ya lalace, a tsari mai kyau wutar za ta zagaye shi aiki ya ci gaba, daga baya a zare shi kamar aljihun tebur a sa wani. Cibiyar binciken kimiyya ta SLAC da ke Kalifoniya ta gina irin wannan mai ba da bolt 120,000 da amfiya 140, bugu 5 a daƙiƙa.

Ana bukatar irin wannan bugu a na'urar rada mai gano jiragen sama da injinan gashin ciwon daji. Har masana'antun soya dankalin Turawa na amfani da shi: a jefa dankalin cikin ruwa, a buga masa wuta, sai ya yi laushi wuƙa ta ratsa shi ba tare da ya farfashe ba.