Me Ake Nufi da "Ingancin Rigakafi Kashi 95 Cikin 100"?

A ƙarshen shekarar 2021 goggona ta kira ni a waya, muryarta a dishe, tana magana tana tari. Ta ce, "Ɗan nan, ba kai ka matsa min in je a yi min allurar nan ba? Har sau biyu na miƙa dantse. Yau an gwada ni an ce korona ce. To ina amfaninta?" Na tausaya mata ƙwarai, kuma ban ga laifinta ba. Abin da ta ji ana ta faɗa shi ne allurar tana da inganci kashi 95 cikin 100, ita kuma ta ɗauka an ce mata cutar ba za ta taɓa ta ba. Mutane da yawa haka suka fahimta, kuma daga nan ne yardar da suka yi wa rigakafin ta fara tsagewa.

Wannan lamba daga gwaji ta fito. Kamfanonin Pfizer da BioNTech sun ɗauki mutum sama da 43,000 a shekarar 2020, suka raba su gida biyu kusan daidai. Gida ɗaya aka yi musu allurar gaske, ɗaya gidan kuma aka yi musu allurar ruwan gishiri wadda ba ta da komai a ciki. Wanda aka yi wa bai san wacce aka ba shi ba, likitocin da ke duba su ma ba su sani ba. Kowa ya koma harkokinsa, aka zuba ido a ga wa zai kamu. Da waɗanda suka kamu da korona har ta nuna alamu suka kai 170, sai aka buɗe lissafi: 162 daga gidan ruwan gishiri suke, 8 kacal daga gidan allurar gaske. Wato inda ake tsammanin mutum 162 su kamu, mutum 8 ne suka kamu. An rage cutar da kashi 95 cikin 100. Ma'anar lambar ke nan.

Kashi 95 ɗin kwatanci ne tsakanin gida biyu. Mutane sukan ɗauka cewa cikin mutum ɗari da aka yi wa allura biyar za su kamu, alhali a wancan gwajin mutum 8 ne cikin sama da 18,000 da aka lissafa a gidan allurar. Wasu kuma sukan ɗauka allurar ta ƙi aiki ne a jikin mutum biyar cikin ɗari. Abin da lambar ke faɗa shi ne, haɗarin da ke kanka ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin ashirin na haɗarin da ke kan wanda ba a yi wa ba, idan kuna cikin yanayi ɗaya. Kamfanin Moderna ya sami kusan irin wannan sakamako, mutum 185 a gida ɗaya, 11 a ɗaya gidan, kashi 94.

Tambayar da ya kamata a riƙa yi duk lokacin da aka ji irin wannan lamba ita ce: kariya daga me? Akwai kariya daga kamuwa, akwai kariya daga ciwo mai tsanani da zai kai mutum gadon asibiti, akwai kariya daga mutuwa, kuma kowacce da lambarta. Allurar kamfanin Johnson & Johnson ta sha raini saboda an ce ingancinta kashi 66 ne, mutane suka riƙa ganin ta a matsayin ta baya. Amma kariyarta daga ciwo mai tsanani a gwajin ta kai kashi 85. Kuma an gwada ta ne daga baya, har da Afirka ta Kudu, a lokacin da wani sabon nau'in ƙwayar cutar ya riga ya bazu a can. Jera lambobin alluran kamar sakamakon jarrabawa rashin adalci ne, domin ba rana ɗaya suka zauna ba, ba kuma tambayoyi ɗaya aka yi musu ba.

Masana suna kuma raba ingancin gida biyu. Akwai wanda aka auna a gwaji, inda ake zaɓen mutane, a adana allura a sanyin da ya dace, a yi ta biyu a ranar da ta dace. Akwai kuma wanda ake aunawa bayan allurar ta shiga hannun jama'a, da tsofaffinsu da masu ciwon suga da waɗanda suka makara. Na biyun ba ya tsayawa wuri ɗaya. A farkon 2021 binciken da aka yi a Isra'ila kan kusan mutum 600,000 da aka yi wa allura ya nuna kashi 94, kusan daidai da na gwaji. Bayan watanni sai garkuwar jiki ta fara sauka, ƙwayar cutar kuma ta sauya kama. Da nau'in Omikron ya bayyana a watan Nuwamban 2021, kariya daga kamuwa ta faɗi ƙasa sosai, ta ciwo mai tsanani kuwa ta fi riƙe ƙarfinta, musamman ga wanda aka ƙara wa allura ta uku. A wannan guguwar ce goggona ta kamu.

A ganina masu magana da yawun hukumomi da 'yan jarida suna da nasu kason laifin. Cikin ɗoki, da son mutane su fito, wasu sun yi magana kamar wanda aka yi wa allura ya yi bankwana da cutar har abada. Da a ce tun farko an ce wa jama'a, "Za ka iya kamuwa, amma da wuya ta kwantar da kai, kuma wataƙila a buƙaci ƙari nan gaba," da abin da ya biyo baya bai yi kama da saɓa alkawari ba. Mutum yakan jure labari mara daɗi idan an faɗa masa tun da wuri. Abin da ke da wuyar haɗiya shi ne ya ji kamar an yi masa wayo. Kalmar tamu ma ta fi waɗancan maganganu gaskiya: riga-kafi, a riga abokin gaba yin kafi. Mai kafe gari ya san za a kawo hari, shi ya sa ya yi kafin.

Akwai wani ruɗani da ya girgiza mutane fiye da komai, shi ne jin cewa mafi yawan waɗanda ke kwance a wani asibiti an yi musu allura. Labarin yakan zama gaskiya, amma a duba wannan misali da na tsara don bayani. A ce tsofaffi 1,000 ne, an yi wa 900 allura, 100 ba a yi musu ba. A ce in babu allura, mutum 10 cikin kowane ɗari za su kwanta a asibiti, allurar kuma tana rage wannan da kashi 80. Cikin ɗarin da ba a yi wa ba, 10 za su kwanta. Cikin ɗari taran nan, biyu-biyu ne a kowane ɗari, wato 18. Mai shiga ɗakin marasa lafiya zai ƙirga gado 28, ya ga 18 duk masu allura ne, ya fito yana cewa ba ta aiki. Bai ga gadaje 72 da ba a kwanta a kansu ba, domin da babu allurar mutum 100 ne za su cika ɗakin.

Kashi 95 ma ya ɗan ɓata mana ma'auni. Kafin a sami ko allura ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar kula da magunguna ta Amurka sun ce za su karɓi wadda ta kai kashi 50. Allurar mura da ake yi duk shekara a ƙasashe da dama takan tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 a shekarun da ta dace da ƙwayar da ke yawo. Ta ƙyanda, idan an yi sau biyu, tana kai wa kashi 97. Ta zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Oktoban 2021 tana rage zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 30 ne kawai, amma a cutar da ke kashe dubban ɗaruruwan yara duk shekara, kashi 30 rayuka ne masu ɗimbin yawa.

Na yi wa goggo wannan bayani a taƙaice, iya abin da mai tari zai iya saurara. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To me ya hana su faɗa mana haka tun farko?" Ta yi kusan mako guda tana fama da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro a ɗakinta, ba ta kwana asibiti ba. Da aka fara yin allura ta uku, ita ce ta kira ni tana tambayar ko ta kai lokacin da za a yi mata.