Ungozoma: suna ɗaya, mata uku

Tun daga ranar 5 ga Mayu, wadda aka ware wa ungozomomi a duniya, kalmar nan ta ƙi barin bakin masu magana a rediyo. Wannan ya ce an horar da ungozoma kaza, wancan ya ce za a ɗauki ungozoma kaza aiki. A wani shiri da na saurara, mai gabatarwa ya sanar da cewa an yaye ungozomomi bayan bita ta kwana biyar, an raba musu jakunkuna da safar hannu, bai ko numfasa ba ya ɗora da cewa masana sun tabbatar ungozoma na rage mutuwar mata wurin haihuwa. Kowacce magana daidai take a muhallinta. Sai dai ba mace ɗaya suke nufi ba, kuma magidancin da ke sauraro a bakin shago ba shi da yadda zai yi ya gane haka. Abin da zai ɗauka shi ne: to ai mu ma muna da ungozoma a layinmu, me za a je yi asibiti?

Ungozomar da Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni dattijuwa ce, galibi wadda ta daina haihuwa, ta gaji aikin wurin uwarta ko kakarta. Abin da mutane ke mantawa shi ne, a gidaje da yawa ba a kiranta sai an riga an haihu. Kunya ba ta barin mace ta ce naƙuda ta kama ta, balle a haihuwar fari. Takan shige ɗaki ta durƙusa ita kaɗai, ta cije, sai an ji kukan jariri a aika yaro da gudu ya kira Iya. Aikin Iya daga nan yake farawa: ta yanke cibi, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta wanke jariri, ta gasa masa cibiya, ta tsaya kan wankan jego da ruwan zafi da ganyen darbejiya, a dama kunun kanwa. Ranar suna a ba ta kasonta na nama da hatsi da sabulu. Ta san sirrin kowane gida kuma ba a jin shi a bakinta. Ni hannun irinta ne ya fara wanke ni, kuma ba zan yarda a raina ta a gabana ba.

Amma a dubi yadda wasu harsuna suka raɗa wa mai wannan aiki suna. Balarabe ya ce ƙaabila, da jan wasalin farko, ba ƙabila ta dangi da yare ba, ko da yake tushensu ɗaya da alƙibla, wato abin da ake fuskanta. Ma'anarta mai tarba, mai karɓa, wadda ke fuskantar mai naƙuda da hannu a shimfiɗe. Mu ma idan muka ce "karɓar haihuwa" hoton ke nan. Kalmar Turanci ta midwife kuwa, asalinta a tsohon harshensu "tare da mace" ne, wadda ke zaune da ita tun ciwon bai yi nisa ba. Sunayen biyu suna nuna macen da take nan kafin jariri ya faɗo. Tamu ta gargajiya sau da yawa mai zuwa ce bayan ya faɗo. To da aka buɗe makarantu aka fara yaye masu wancan aiki, sai aka laƙaba musu sunan da ke kusa, aka ce su ma ungozoma. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu sa'a ta nan, domin Faransancin da ake aiki da shi a asibitocinsu ya raba: wadda ta yi makaranta sage-femme, ta gargajiya matrone. Da an juyo Hausa kuma sai su sake haɗewa a suna ɗaya.

Ungozomar asibiti sana'a ce mai doka. A Najeriya tun 1930 aka kafa hukumar da ke yi wa ungozomomi rajista, a 1979 aka haɗe ta da ta ma'aikatan jinya, ita ce har yau ke shirya jarrabawa ta ba da lasisi. Yarinyar da ta gama sakandare takan yi shekara 3 a makarantar ungozoma. Wadda ta riga ta zama nas takan ƙara wata 18. Akwai kuma tsarin shekara 2 na ungozomar al'umma, wanda aka ɓullo da shi don a ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka su yi karatu su koma garuruwansu. Ba a ba kowacce lasisi sai ta karɓi haihuwa da hannunta a gaban malamanta sau da dama. Shekara uku da kwana biyar ba su yi kama ba, ko a bakin wanda ke neman ƙuri'a.

Me ake koya a shekarun nan da Iya ba ta sani ba, ita da ta ga haihuwa ɗari? Ban fahimci amsar ba sai daren da matar yayana ta haifi ɗanta na biyar. Ta haihu a gida wajen ƙarfe ɗayan dare, lafiya lau, namiji. Aka kira Iya, ta yanke cibi, ta wanke yaro, ta sa aka binne mabiyiya, har an fara barka. Ni ce ke canza mata zanin da take kwance a kai. Na farko ya jiƙe, na ɗauke. Na biyu ya jiƙe. Da na ɗago na uku na ji nauyinsa a hannuna, na ce, "Iya, jinin nan bai yi yawa ba kuwa?" Ta ce, "'Yar nan, dattin ciki ne, fitarsa ita ce lafiya. Ke dai ɗora ruwa." Ba mugunta ta yi ba, abin da ta gada ke nan. Sai da mai jegon ta ce tana jin ƙishi, tana ganin duhu-duhu, tafin hannunta ya yi sanyi, sannan yayana ya tashi mai a-daidaita-sahu.

A asibitin muka tarar da wata matashiya da ba ta kai ni shekaru ba. Ba ta tsaya dogon tambaya ba. Ta ɗora tafin hannu a ƙasan cibiyar mai jego ta danna, ta ce mahaifar ba ta tsuke ba, laushi take kamar ƙullin da bai kwana ba, alhali bayan haihuwa kamata ya yi a ji ta da tauri kamar ƙwallo. Ta hau murzawa da ƙarfi, ta sa aka yi allurar da ke tsuke mahaifa, aka ɗaura ruwa, sannan ta juyo ta ce, "Hajiya, ina mabiyiyar?" Muka ce an binne. Ta yi shiru. Ashe so take ta shimfiɗa ta ta duba ko ta fita cikakkiya, domin ɗan guntun da ya maƙale a ciki ya isa ya hana mahaifa rufe jijiyoyinta. Haka kuwa aka yi, guntu ne ya saura. Allah ya yi da sauran kwana, yaron yanzu yana aji biyu.

Jinin da likitoci suka daɗe suna ɗauka a matsayin iyaka bayan haihuwa rabin lita ne, wato cikin ledar fiya-wata guda. Ledar nan da muke shanyewa a tsaye. Idan jini ya bi zani da katifa ido ba ya iya ƙiyasta shi, har idon ma'aikatan asibiti. Shi ya sa wani babban bincike da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata sama da 200,000, ya gwada shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa. Da jini ya kai layi, sai a haɗa matakan magani gaba ɗaya maimakon a gwada ɗaya a jira. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin aikin, kuma hannuwan da suka aiwatar da shi a ɗakunan haihuwa yawanci na ungozomomi ne. Irin wannan ungozoma ce ake nufi idan aka ce tana ceton rai: wadda ke auna hawan jini a wurin awo ta hango jijjiga tun kafin ta zo, ta san allurar da ke tsayar da ita, ta san naƙudar da ta wuce ƙa'ida, ta san yadda ake farfaɗo da jaririn da ya fito bai yi kuka ba, ta kuma san lokacin da abu ya fi ƙarfinta ta tura gaba ga likita.

Mace ta uku ita ce wadda muke kira "nas" ko "malamar asibiti" don kawai mun gan ta da kayan aiki. A ƙananan asibitocin karkara sau da yawa ba nas ba ce, ba ungozoma ba ce, ma'aikaciyar lafiya ce ta al'umma wadda ta fito daga kwalejin kimiyyar lafiya, hukumar da ke mata rajista ma daban. Tun 2014 gwamnatin tarayya ta amince a sauke wa irinsu wasu ayyukan karɓar haihuwa bayan ƙarin horo, saboda ƙarancin ma'aikata. Su ke riƙe da ƙauyuka, Allah ya saka musu. Amma idan aka ƙirga su cikin ungozomomi a jawabi, an ɓoye giɓin da ya sa aka ɗora musu nauyin tun farko.

Giɓin kuwa ba ƙarami ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 43 ce kacal cikin 100 ƙwararre ya karɓa a Najeriya, kuma Arewa maso Yamma ta yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 ya ce mata wajen 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. A waɗannan lissafe-lissafe ba a sa ungozomar gargajiya cikin ƙwararru, ko an yi mata bita ko ba a yi ba. Duniya ta gwada wannan hanya a shekarun 1970 da 1980, aka horar da dubbansu, mutuwar iyaye mata ba ta sauka yadda aka sa rai ba, domin tsabtar reza tana kare jariri daga ciwon sandarewa, amma ba ta tsayar da jini. A ƙarshen 2009 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, huɗu a kowane ƙaramin asibiti, kowane asibiti huɗu a jingine da babban asibiti ɗaya. Tsari ne mai kyau, amma rashin biyan alawus daga jihohi da ƙananan hukumomi da rashin wurin kwana suka sa da yawa suka tattara nasu ya nasu. Ɗaukar ungozoma ta gaskiya albashi ne na kowane wata da ɗaki da wuta da ruwa. Bita ta kwana biyar kuwa hoto ne da jaka. Kalma ɗaya ta rufe duka biyun, kuma wanda ke kan mumbari ya san wacce ta fi araha.

Ba kira nake a kori Iya ba. Malawi ta haramta aikin ungozomomin gargajiya a 2007, mata ba su daina zuwa wurinsu ba, sai dai abin ya koma ɓoye, a 2010 aka janye haramcin. Kuma akwai abin da Iya ke da shi wanda asibitocinmu suka rasa. Ta san mai cikin tun tana yarinya, ba ta mata tsawa, ba ta ce mata "lokacin da kike jin daɗinki ina nan?", maganar da mata da yawa suka ji a ɗakin haihuwa suka rantse ba za su koma ba. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta nemi ƙasashe su karkata ga tsarin da ungozoma ke jagoranta, kuma mafi ƙarfinsa shi ne wanda ungozoma ɗaya, ko 'yar tawaga da mace ta san fuskokinsu, za ta bi ta tun daga awon farko har haihuwa har kusan arba'in, likita ya shigo idan matsala ta taso. Wato ilimin ta asibiti a haɗa da sabo irin na ta gida. A wurinmu kuwa mace kan je awo sau biyar ta ga fuska biyar, ranar naƙuda ta tarar da ta shida.

Abin da nake roƙon 'yan jarida ba shi da wuya. Kada a saki kalmar tsirara. A ce ungozomar gargajiya, ko a ce ungozoma mai lasisi. Idan jami'i ya ce an horar da ungozoma ɗari uku, a tambaye shi: kwana nawa, ko shekara nawa? Su wa suka ba su lasisi? A wane asibiti za su kwana?

Da matar yayana ta sake samun ciki, Iya ce da kanta ta ɗaura mayafi ta raka ta awo, ta zauna a benci tana riƙe mata kati. Da layi ya zo kansu ta ce a kira mata "yarinyar nan mai murza ciki", ita take so ta duba 'yarta. Aka ce an yi mata canjin wurin aiki tun bara, ba a kuma turo wata a madadinta ba.