Matsin tururi

Matsin tururi, a kemistiri da fiziks, shi ne ƙarfin da tururin wani abu yake dannawa da shi a cikin mazubi rufaffe, a lokacin da yawan ƙwayoyin da ke tashi daga ruwan ya zo daidai da yawan waɗanda ke komawa cikinsa. Wato ido zai ga kamar komai ya tsaya, amma tashi da komawar ba su tsaya ba, sun dai yi kunnen doki ne. Abu biyu kawai ke yanke girman wannan matsi: irin abun, da kuma zafinsa. Yawansa ba ruwansa, ko cokali ɗaya ne ko duro guda, muddin akwai sauran ruwa a ƙasa.

Ana auna shi da kilofaskal ko milimita na zaiba. Ruwa a digiri 20 na ma'aunin Salshiyas matsinsa wajen kilofaskal 2.3 ne, a digiri 100 kuma ya kai 101.3, wanda shi ne nauyin iska a bakin teku, shi ya sa yake tafasa a wannan zafin, domin ruwa yana tafasa ne idan matsin tururinsa ya kai nauyin iskar da ke kansa. To idan aka hau tudu iska ta yi sauƙi sai ruwa ya tafasa da wuri, a Jos misali wajen digiri 96, a saman dutsen Everest kuma kusan 70. Fetur da sifirit matsinsu ya fi na ruwa nesa ba kusa ba, shi ya sa suke bushewa nan take. Daskararrun abubuwa ma suna da nasu, kafur ɗin da ake sa wa a cikin kaya yana ƙarewa ba tare da ya narke ba.

Tarihi

Tushen aikin ya faro ne daga Torricelli, Ba'italiye, da ya ƙera ma'aunin nauyin iska na zaiba a 1643. A 1679 Denis Papin ɗan Faransa ya yi tukunya mai murfi a ɗaure wadda tururi ba ya fita, ruwan cikinta ya wuce zafin tafasar da aka saba har yana laushe ƙashi, ita ce kakar tukunyar firesha ta yau.

Amma wanda ya zauna ya auna abin da gaske John Dalton ne, a Manchesta ta Ingila, wajen 1801. Dabararsa mai sauƙi ce, sai ya tura ɗan ruwa cikin bututun zaiba ya hau sama inda babu iska, ruwan ya yi tururi ya danna zaibar ƙasa, shi kuma ya rubuta nisan da ta sauka a kowane zafi. Ya kuma yi zaton duk abubuwa masu ruwa-ruwa tafiyarsu ɗaya ce da zafi, daga baya aka ga ba haka ba ne. Alƙaluman da aka fi dogara da su a ƙarni na 19 na masanin kimiyya Regnault ɗan Faransa ne, da ya tara a shekarun 1840.

Ɓangaren lissafi kuwa Clapeyron ya fara a 1834, Clausius Bajamushe ya gyara shi wajen 1850, lissafin da ke ɗauke da sunansu biyun yana nuna matsin ba a hankali yake hawa da zafi ba, saurin hawansa ƙaruwa yake yi yayin da zafi ke ƙaruwa. Raoult a 1887 ya nuna idan aka narkar da gishiri ko sukari a ruwa matsin tururinsa yana raguwa, sai ya ƙara jinkirin tafasa kaɗan. Antoine ya kawo nasa lissafin a 1888, injiniyoyi har yanzu suna amfani da shi.

Amfani

Matatun mai suna raba ɗanyen mai ne bisa bambancin wannan matsi. A silindar gas ta girki, matsin ba ya sauka sai ruwan gas ɗin ya kusa ƙarewa, don haka matsin ba ya nuna yawan gas ɗin da ke ciki, shi ya sa masu sayarwa suke ɗora ta kan sikeli.