Me Ake Nufi da "Katin Sauti" a Tsohuwar Kwamfutar Wasa?

Duk wanda ya shiga harkar haɗa tsohuwar kwamfuta domin ya buga wasannin shekarun 1980 da 1990 a kan na'urar zamaninsu, zai tarar babu abin da masu wannan sha'awa suka fi kai ruwa rana a kansa kamar katin sauti. Sabon shiga yakan yi mamaki. A kwamfutar yau sauti yana haɗe da babban allon da ke cikinta, ka jona lasifika ko ka sa abin kunne, shi ke nan. To me zai sa mutum ya kwashe watanni yana cigiyar wani kati da ya haura shekara 30 da ƙerawa?

Dalili shi ne kalmar ta sauya ma'ana. A yau aikin na'urar sauti bai wuce ta karɓi kiɗan da aka riga aka naɗa ta miƙa wa lasifika ba. A zamanin DOS kuwa, wato tsohuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kafin Windows ta mamaye, katin shi ne makaɗin. Wasan ba ya ɗauke da kiɗa, umarni yake ɗauke da shi: buga wannan murya, da wannan ƙarfi, ka riƙe ta tsawon kaza, sannan ka saki. Katin ne ke karanta umarnin ya ƙirƙiro sautin nan take. Saboda haka wasa ɗaya, waƙa ɗaya, idan ka sauya kati sai ka ji kamar an kori makaɗa an kawo wasu.

Tilas ce ta kawo wannan tsari. Faifan fulofi na inci 3.5 yana ɗaukar megabayit 1.44, alhali kiɗa mai ingancin CD yana cin kusan megabayit 10 a minti ɗaya. Ke nan faifai guda ko daƙiƙa 9 ba zai riƙe ba. Umarnin kiɗa kuwa 'yan kilobayit ne, ana iya cusa waƙoƙin wasa gaba ɗaya a ɗan lungu.

A ido, katin sauti allo ne mai ɗauke da ƙananan cif-cif, wanda ake sokawa a wani dogon gurbi na babban allo da ake kira ISA. A bayansa akwai ramukan lasifika da makirfo, da wata mahaɗa mai ramuka 15 ta sandar wasa, wasu na farko-farko har da ɗan garen ƙara murya. Amma abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne ayyuka biyu yake yi, kuma kowanne da sashensa. Akwai sautin da aka naɗa, irin su harbin bindiga, ƙarar ƙofa, ihu ko maganar mutum. Akwai kuma kiɗa. Shi ya sa idan ka buɗe manhajar SETUP ta yawancin wasannin DOS za ta tambaye ka sau biyu: wace na'ura ce ta sauti, wace ce ta kiɗa? Amsoshin ba dole su zama ɗaya ba, kuma daga nan duk zaɓin yake farawa.

Kwamfutar IBM PC ta 1981 ba ta da kati ko kaɗan, sai wata 'yar lasifika a ciki mai fitar da murya ɗaya tal. IBM PCjr da Tandy 1000 na 1984 sun ƙara zuwa muryoyi uku da ta huɗu mai shuuu. Canjin gaske ya zo a 1987, lokacin da kamfanin AdLib na Kanada ya fitar da kati mai cif ɗin Yamaha YM3812, wanda aka fi sani da OPL2. Yana iya buga muryoyi 9 lokaci guda, ko 6 tare da sautin ganguna 5.

Yadda wannan cif yake samar da sauti ana kiransa FM, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne sautin da yawancin mutane ke tunawa idan an ambaci wasannin DOS. John Chowning ne ya gano hanyar a Jami'ar Stanford ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960, daga baya Yamaha ta sayi lasisinta. A cikin cif ɗin babu sautin fiyano ko na jita da aka ajiye. Igiyoyin sauti ne tsura, sai a sa ɗaya ta riƙa girgiza ɗaya da sauri ƙwarai. Idan girgizar kaɗan ce, sai a ji murya mai laushi kamar sarewa. Idan aka tsananta ta, sai muryar ta yi kaifi, ta koma kamar ƙararrawa ko ƙarfe ya bugi ƙarfe. Mai tsara kiɗa shi ke zama ya gina kowane kayan kiɗa da lambobi. Gogen FM bai yi kama da goge ba, fiyanonsa ma haka, amma a hannun gwani yana da zaƙi da kauri irin nasa, wanda babu wata na'ura da ke bayarwa. Ni a ganina kuskure ne a ɗauke shi a matsayin kiɗan da aka yi maleji da shi kafin na ƙwarai ya iso. Akwai wasannin da tun farko dominsa aka tsara kiɗansu, kuma a kansa suka fi daɗi.

AdLib kiɗa kawai ya iya. A 1989 kamfanin Creative na Singafo ya fitar da Sound Blaster, ya saka wannan cif ɗin na OPL2, ya ƙara sashen sautin da aka naɗa da mahaɗar sandar wasa. Duk wasan da ya san AdLib zai yi aiki a kansa, ga kuma ƙari. AdLib ya durƙushe a 1992. Sound Blaster Pro ya zo da sitiriyo a 1991, Sound Blaster 16 ya biyo baya a 1992 da cif ɗin OPL3 mai muryoyi 18 da sauti mai ingancin CD. Daga nan sunan ya zama ma'auni, kowane kamfani yana rubuta wa a kwalinsa cewa katinsa "ya dace da Sound Blaster".

Wannan dacewa kuwa hawa-hawa ce. Wasu katunan suna da OPL3 na ainihi daga Yamaha, wasu kwaikwayonsa suka yi. Kwaikwayon kamfanin ESS, wanda ake kira ESFM, ya yi kusa sosai har da yawa ba sa bambancewa. Creative ita kanta, a katunanta na baya-baya irin su AWE64, ta bar cif ɗin Yamaha ta koma nata mai suna CQM, wanda kunne mai sabo yake jin ya fi tsini da ƙarar gwangwani. Saboda haka sunan da ke jikin kati bai isa hujja ba. Masu harkar suna duba lambar samfurin, wadda a katunan Creative take farawa da CT, sannan su duba cif ɗin da idonsu. Wani abin da ke ba mutane mamaki kuma shi ne Sound Blaster 16 bai cika dacewa da yayansa Pro ba: wasan da ya aiko sautin sitiriyo irin na Pro, a kan 16 yakan fito ta hanya ɗaya.

Bayan FM, sai ɗaya hanyar samar da kiɗa, wato MIDI. Ita ba na'ura ba ce, yare ne da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi a 1983 domin na'urorinsu su riƙa fahimtar juna. Kwamfuta takan aika umarni ta waya zuwa wani akwati na daban, akwatin ya buga. Akwatin da ya fara shahara a wasanni shi ne Roland MT-32 na 1987. Kamfanin Sierra ya rungume shi tun daga King's Quest IV a 1988, kuma bambancinsa da AdLib a lokacin kamar dare da rana ne. Masu tsara kiɗa suna iya loda masa sababbin muryoyi, wasu wasannin ma sukan rubuta ɗan saƙo a ƙaramin allon da ke gabansa yayin da suke tashi. Wanda ya taɓa ganin haka ba ya mantawa.

A 1991 aka fito da ƙa'idar General MIDI, wadda ta jera kayan kiɗa 128 kowanne da lambarsa, ta keɓe tasha ta 10 ga ganguna. A shekarar Roland ta fitar da Sound Canvas SC-55, wanda ya zama abin aunawa. Shi sautukan kayan kiɗa na gaske ne aka naɗa gutsi-gutsi aka ajiye a cikinsa. A kansa Bobby Prince ya tsara kiɗan Doom na 1993, shi ya sa jitar wasan take fita daram a kan SC-55.

A nan sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. MT-32 ya riga General MIDI zuwa, jerin kayan kiɗansu ba ɗaya ba ne. Idan ka zaɓi MT-32 a SETUP alhali SC-55 ka jona, kiɗa zai fito, amma inda ya kamata a ji sarewa sai a ji wani abu daban, muryoyin da wasan ya so lodawa kuma su ɓace. Mutum zai iya shekara yana saurare a haka bai san ba abin da aka tsara ke nan ba. Ƙa'idar da ba ta cika saɓawa ba ita ce: wasannin 1988 zuwa wajen 1992 na MT-32 ne, daga 1993 zuwa sama General MIDI. Akwai kuma maganar mahaɗa. Roland ta yi wata mai suna MPU-401 da ke da yanayi biyu, mai wayo da mai sauƙi. Yawancin katunan sauti mai sauƙin kawai suke da shi, tsofaffin wasannin MT-32 da yawa kuwa mai wayon suke nema. Wata 'yar manhaja kyauta mai suna SoftMPU tana cike wannan giɓi. Sannan wasu samfuran Sound Blaster 16 suna da lahanin da ya yi suna: idan MIDI da sautin da aka naɗa suka haɗu, sai wata murya ta maƙale tana ta kuka ba ta saki. Shi ya sa za ka ga kwamfuta ɗaya da kati biyu, ɗaya na sauti ɗaya na MIDI.

Gravis Ultrasound na 1992 ya bi tasa hanyar. Yana da ma'adana ta kansa da wasa ke loda wa muryoyi, yana kuma haɗa har guda 32 ba tare da ya wahalar da kwamfuta ba. A wasannin da aka rubuta dominsa, kamar Epic Pinball da Jazz Jackrabbit, abin sai wanda ya ji. A sauran kuwa kwaikwayon Sound Blaster ɗinsa yana da wahalar sha'ani. Kati na biyu ne, ban ba kowa shawarar ya fara da shi ba.

Batun gurbi ba ƙarami ba ne. Wasannin DOS kai tsaye suke magana da kati, ba ta hannun Windows ba, kuma suna sa ran samunsa a adireshin da suka sani. Wannan ne ma'anar layin nan da ake gani a fayil ɗin AUTOEXEC.BAT, wato SET BLASTER=A220 I5 D1 H5 P330 T6. A220 adireshin katin ne, I5 layin da yake kiran hankalin kwamfuta da shi, D1 da H5 hanyoyin da sauti ke bi daga ma'adana zuwa kati, P330 adireshin MIDI, T6 kuma nau'in katin. Katunan farko sun zo a kan layi na 7, na baya suka koma 5, kuma akwai tsofaffin wasannin da 7 kaɗai suka sani. Waɗannan hanyoyi na D da H na gurbin ISA ne. Katunan PCI, wato gurbin da ya gaji ISA, irin su Sound Blaster Live! na 1998, sai sun yi dabara da manhaja kafin su kwaikwaye su, kuma dabarar ba kullum take ci ba. Idan DOS ne burinka, nemi babban allo mai gurbin ISA tun kafin ka fara tunanin kati. Idan kuwa wasannin Windows 98 ne, lissafi ya juya: kiɗa ya koma kan CD, abin nema ya zama sautin da ke nuna maka ta wane ɓangare abokin gaba ke tahowa, wato EAX na Creative ko A3D na Aureal, kuma nan PCI ne gidansu.

Idan aka tambaye ni ta ina za a fara, nakan ce a ajiye maganar kati tukuna, a rubuta sunayen wasanni goma da ake son bugawa da shekarunsu. Jerin ne zai faɗi katin. Ga wanda wasanninsa suka faɗa tsakanin 1990 da 1996, kati mai cif ɗin Yamaha YMF719 ko ESS ES1868 ya wadatar: sun dace da Sound Blaster Pro, FM ɗinsu mai kyau ne, mahaɗar MIDI ɗinsu ba ta maƙalewa, kuma sau da yawa sun fi katunan Creative na zamaninsu ƙarancin shuuu a lasifika. Ba su da suna mai ƙyalli, shi ya sa ake raina su. Daga baya, idan kunne ya buɗe, sai a ƙara akwatin MIDI.

Tsofaffin akwatunan Roland sun yi ƙaranci, amma masu sha'awa ba su zauna ba. Akwai Munt, manhajar da ke kwaikwayon MT-32, da mt32-pi da ke ɗora ta a kan 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi ta zama akwatin da za ka jona da waya kamar na asali. Akwai PicoGUS, sabon katin ISA da ke iya rikiɗewa ya zama Ultrasound ko AdLib ko Sound Blaster. Wanda kuma ya dage sai tsohon kati, ya duba akwatin wutar kwamfutarsa kafin ya saya: wasu katunan, kamar Sound Blaster 2.0 da Roland LAPC-I, suna buƙatar layin wuta na bolt -5, wanda akwatunan wuta na yanzu suka daina bayarwa. Sau da yawa katin da aka ce ya mutu lafiyarsa ƙalau, wannan layin ne kawai bai samu ba.